BABI NA UKU: MATAN FARKO DA DANGANTAKAR IYALI A LABARAN HALITTA NA YAHUDAWA DA KIRISTOCI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin littattafan da Yahudawa da Kiristoci suka dogara da su wajen ba da labarin farkon duniya. A wannan babi kuwa za a duba matan farko da aka ambata a waɗannan labarai, da irin dangantakar da ta haɗa su da mazajensu da 'ya'yansu.

Littafin Farawa, wato littafi na farko a Attaura, wanda kuma shi ne na farko a Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, ya kawo sunayen mata huɗu ne kacal tun daga halitta har zuwa ruwan Ɗufana. Su ne Hawwa'u da Ada da Zilla da Na'ama. Sauran matan an ambace su ne a dunƙule, a matsayin matar wane ko 'ya'yan wane. Wannan ƙarancin bayani ya bar tambayoyi masu yawa, waɗanda malaman addinan biyu suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna ƙoƙarin amsawa. Manufar wannan babi ita ce a rarrabe abin da yake cikin nassin Farawa da abin da ruwayoyin baya suka ƙara, sannan a nuna yadda kowane ƙari yake ɗauke da ra'ayin masu shi game da aure da iyali.

An yi amfani da sunayen mutane kamar yadda masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa suka san su, wanda fassararsa cikakkiya ta fara fitowa a shekarar 1932. Saboda haka Kayinu shi ne wanda Hausawa Musulmi suka sani da Ƙabila, ɗan'uwan Habila.

3.1 Halittar Mace A Littafin Farawa

Labarin halittar mace ya zo ne sau biyu a farkon Littafin Farawa. A sura ta 1 an bayyana cewa a rana ta shida, bayan tsirrai da dabbobi, Allah ya halicci ɗan'adam namiji da mace. Ya sa musu albarka su biyu, ya umurce su da su hayayyafa, ya kuma danƙa musu mulkin sauran halittu. A nan ba a ambaci sunan kowa ba, ba a kuma ce ɗaya ya riga ɗaya ba.

A sura ta 2 kuwa tsarin ya bambanta. An fara yin namiji daga turɓaya, aka sa shi a gonar Aidan. Daga nan aka kawo masa dabbobi ya raɗa musu sunaye, amma bai sami wanda ya dace da shi a cikinsu ba. Sai aka sa shi barci mai nauyi, aka ciri wani sashe na jikinsa aka gina mace da shi.

Akwai kalmomin Ibrananci guda biyu da ya kamata a tsaya a kansu a wannan wuri. Ta farko ita ce “ezer”, wadda aka siffanta macen da ita, ake kuma fassara ta da mataimaki. Wannan kalma ba ta nufin bara ko mai hidima, domin a Zabura an yi amfani da ita a wurare da dama wajen siffanta Allah kansa a matsayin mai taimakon bayinsa. Ta biyu ita ce “tsela”, wadda aka saba fassarawa da haƙarƙari. A Littafin Fitowa an yi amfani da ita da ma'anar gefe, kamar gefen akwatin alkawari. Bisa ga wannan ne aka kawo wani ra'ayi a cikin Bereshit Rabba, wato tafsirin Farawa da malaman Yahudawa suka tattara a ƙasar Falasɗinu wajejen ƙarni na 5 miladiyya, cewa mutum na farko an yi shi ne da fuska biyu, daga baya aka raba shi gida biyu, namiji da mace.

Dangane da dalilin zuwan labarin sau biyu, masana sun kasu kashi biyu. Malaman gargajiya, irin su Rashi (1040–1105), suna ganin sura ta 2 sharhi ce ta abin da aka taƙaita a sura ta 1. Masu nazarin zamani kuwa, tun daga Jean Astruc a 1753 zuwa Julius Wellhausen a 1878, suna ganin labarai ne biyu daga marubuta daban-daban waɗanda aka haɗa daga baya. Daga cikin hujjojinsu akwai bambancin sunan da aka kira Allah da shi a surorin biyu. Ko ma wane ra'ayi aka ɗauka, wannan bambanci shi ne ya buɗe ƙofar tambayar da za a duba a 3.3.

3.2 Hawwa'u A Matsayin Mata Da Uwa

A ƙarshen sura ta 2 an kafa ƙa'idar aure, inda aka nuna cewa namiji yakan rabu da iyayensa ya haɗu da matarsa su zama abu ɗaya. Abin lura a nan shi ne namiji aka ce zai bar gida, alhali a al'adar Isra'ilawa amarya ce ake kaiwa gidan miji. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar tana magana ne a kan fifikon igiyar aure bisa dangantakar haihuwa. A Linjilar Matiyu (19:4–6) da ta Markus (10:6–9) an ruwaito cewa Annabi Isa ya haɗa wannan aya da ta sura ta 1 ya kafa hujja da su a kan hana saki.

A sura ta 3 maciji ya ruɗi matar, ta ci daga itacen da aka hana, ta kuma ba mijinta wanda yake tare da ita ya ci. Nassin bai faɗi irin itacen ba. Malaman Yahudawa sun kawo ɓaure da inabi da alkama a matsayin hasashe, Turawa kuma suka shahara da zana tuffa. Bayan wannan laifi ne aka ambaci wahalar haihuwa da mulkin miji a kan mata, tare da wahalar noma ga namiji. Ke nan a tsarin labarin, mulkin miji ya zo ne a jerin sakamakon laifi. Bayan haka ne kuma Adamu ya raɗa wa matarsa suna Hawwa'u, sunan da nassin ya danganta da kalmar rai, domin ita ce uwar masu rai duka.

Sunan Hawwa'u sau biyu kawai ya fito a littattafan Ibrananci na Tsohon Alkawari (Farawa 3:20 da 4:1). Duk da haka ita ce ta yi magana a lokacin haihuwar Kayinu, ita ce kuma ta raɗa wa Shitu suna a 4:25, tana mai cewa shi ne madadin Habila da aka kashe. A 5:3 kuwa Adamu aka ce ya raɗa wa Shitu suna. An faɗi cewa Adamu ya rayu shekara 930, amma ba a ambaci shekarun Hawwa'u ko mutuwarta ba.

Marubutan baya sun saɓa a kan wanda laifin ya fi rataya a wuyansa. Littafin Hikimar Sirak, wanda wani malamin Urushalima ya rubuta wajejen shekara ta 180 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗora mafarin zunubi a kan mace (25:24). Wasiƙar farko zuwa ga Timoti (2:13–14) ta kafa hujja da cewa an riga yin Adamu, kuma matar ce aka ruɗa. Amma a wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa (5:12–14) Adamu ne aka ambata a matsayin wanda zunubi ya shigo duniya ta hanyarsa. Daga baya Irenayus, bishop na birnin Liyon, ya rubuta wajejen shekara ta 180 miladiyya cewa biyayyar Maryamu ta warware abin da rashin biyayyar Hawwa'u ya ƙulla. Daga wannan tunani ne Kiristoci suka riƙa kiran Maryamu sabuwar Hawwa'u.

3.3 Lilit

Mutane da dama sun ɗauka cewa Attaura ta ce Adamu yana da wata mata kafin Hawwa'u mai suna Lilit. Wannan magana ba ta cikin Littafin Farawa. Kalmar ta fito sau ɗaya tak a Tsohon Alkawari, a Ishaya 34:14, cikin jerin halittun da za su zauna a kufan ƙasar Edom. Asalinta yana komawa ga wasu aljanu da mutanen Babila da Assuriya suka yi imani da su. A Talmud na Babila an ambace ta a matsayin aljanar dare mai dogon gashi da fukafukai, ba tare da an ce matar Adamu ce ba. Haka kuma an tono kwanonin yumɓu masu rubutun Aramaik a wurare irin su Nippur a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda ake binnewa a gida don kariya, wasunsu an rubuta wa Lilit takardar saki a cikinsu domin ta fita daga gidan.

Littafin da ya fara bayyana Lilit ƙarara a matsayin matar Adamu ta farko shi ne wanda ake kira Abajadin Ben Sira, wanda aka rubuta tsakanin ƙarni na 8 da na 10 miladiyya. A cikinsa an ce an yi ta daga ƙasa kamar Adamu. Sai gardama ta tashi tsakaninsu a kan sha'anin shimfiɗa, ta ƙi yarda ta kasance a ƙarƙashinsa, tana kafa hujja da cewa asalinsu ɗaya ne. Ta ambaci sunan Allah mai girma ta tashi sama. Aka aika mala'iku uku, Sanoi da Sansanoi da Samangelof, suka iske ta a teku, ta ƙi dawowa. Aka yanke mata hukuncin mutuwar 'ya'yanta ɗari a kullum. Ita kuma ta ce tana da iko a kan jarirai, maza har kwana 8, mata har kwana 20, amma ta yi rantsuwa ba za ta taɓa jaririn da aka rataya wa laya mai sunayen mala'ikun nan ba.

Idan aka lura za a ga labarin ya yi aiki biyu. Na farko, ya daidaita surori biyu na Farawa, ta yadda matar sura ta 1 ta zama Lilit, ta sura ta 2 kuma Hawwa'u. Na biyu, ya ba da asalin al'adar rataya laya a ɗakin mai jego, al'adar da Yahudawa suka daɗe suna yi a ƙasashe da dama. Masana da yawa suna ganin akwai zolaya da barkwanci a littafin, kuma ba ya cikin littattafan da ake kafa hukunci da su. Duk da haka labarin ya shiga rubuce-rubucen Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa. A ƙarni na 20 wasu mata Yahudawa masu neman daidaito suka ɗauki Lilit a matsayin alamar macen da ta ƙi yarda a danne ta, har aka kafa mujalla mai sunanta a Amurka a 1976.

3.4 Matar Kayinu

Tambayar da ta fi kowace shahara a wannan fage ita ce inda Kayinu ya sami matar aure. Sura ta 4 ta ambaci 'ya'ya biyu maza. Bayan Kayinu ya kashe Habila ya nuna tsoron kada wanda ya gamu da shi ya kashe shi, ya tafi ƙasar Nod, matarsa ta haifa masa ɗa, har ya gina gari. Ba a faɗi ko ita wace ce ba. Abin da kawai ake iya riƙewa a nassi shi ne Farawa 5:4, inda aka ce bayan haihuwar Shitu, Adamu ya ƙara shekara 800 ya haifi 'ya'ya maza da mata. Idan duk mutane daga Adamu da Hawwa'u suka fito, to matar Kayinu 'yar'uwarsa ce. Matsalar ita ce Littafin Firistoci (18:9 da 20:17) ya haramta irin wannan aure haramci mai tsanani.

3.4.1 Amsar Ruwayoyin Yahudawa

Littafin Yubili, wanda aka rubuta da Ibrananci a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ya amsa tambayar kai-tsaye. Ya ce Kayinu ya auri 'yar'uwarsa Awan, Shitu kuma ya auri 'yar'uwarsa Azura. Ya ci gaba da ba matan kakannin farko sunaye har zuwa matar Nuhu, wadda ya kira Emzara, yana kuma nuna cewa daga cikin dangi aka auro su. Wannan ya dace da aƙidar marubucin, domin a wasu surori ya yi kakkausan gargaɗi a kan auren bare. Cikakken littafin ya tsira ne da harshen Ge'ez, domin Cocin Orthodox na Habasha yana lissafa shi cikin littattafansa masu tsarki. An kuma sami gutsattsarinsa na Ibrananci a kogunan Kumran da aka fara ganowa a 1947.

Bereshit Rabba kuwa ya ce an haifi Kayinu tare da 'yar tagwai ɗaya, Habila tare da biyu. Daga cikin dalilan da aka kawo na rikicinsu akwai jayayya a kan wanda zai auri ta ukun. A Talmud (Sanhedrin 58) an ɗauki auren Kayinu da 'yar'uwarsa a matsayin rangwame daga Allah domin a gina duniya, wanda ba a kafa hukunci a kansa.

3.4.2 Amsar Malaman Kirista

Kiristocin gabas sun faɗaɗa labarin tagwayen. A littafin Kogon Taskoki, wanda aka rubuta da harshen Suriyanci wajejen ƙarni na 6, an ce an haifi Kayinu da Lebuda, Habila kuma da Kelimat. Adamu ya so kowane ya auri abokiyar haihuwar ɗan'uwansa. Kayinu ya ƙi, domin Lebuda kyakkyawa ce, yana son ta ga kansa. Daga nan ne aka kai ga baiko, aka karɓi na Habila, aka kuma yi kisan. Wannan ruwaya ta kafa doka tun a gidan farko, wato ko da larura ta tilasta auren 'yan'uwa, sai a zaɓi mafi nisa. Malam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo makamanciyar wannan ruwaya a tafsirinsa da tarihinsa, ko da yake Alƙur'ani (Ma'ida 27–31) bai ambaci sunayen 'ya'yan Adamu biyun ba, bai kuma ce mace ce sanadin rikicin ba.

A yammaci kuwa Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tattauna batun a littafinsa Birnin Allah da ya rubuta tsakanin 413 da 426. Ya ce larura ce ta halatta auren a farko, da mutane suka yawaita kuma ya zama abin ƙyama. Hujjarsa ta zamantakewa ce. A gidan farko Adamu uba ne kuma suruki ga 'ya'yansa, Hawwa'u ma uwa ce kuma suruka. Da an ci gaba a haka, da dangantaka iri-iri sun taru a kan mutum ɗaya. Amma idan uba daban, suruki daban, to zumunci zai game mutane masu yawa. Wato a ganinsa hikimar haramcin ita ce yaɗa ƙauna a tsakanin gidaje.

Akwai kuma waɗanda suka bi wata hanya dabam. A 1655 Bafaranshe Isaac La Peyrère ya buga littafi yana cewa akwai mutane kafin Adamu, daga cikinsu Kayinu ya yi aure. An kama shi a 1656, aka tilasta masa janye ra'ayin. Tambayar ta sake tasowa a 1925 a garin Dayton na jihar Tennessee ta Amurka, a shari'ar malamin makaranta John Scopes kan koyar da ra'ayin Darwin, inda lauya Clarence Darrow ya jefa wa William Jennings Bryan ita a gaban kotu.

3.5 Ada Da Zilla Da Na'ama

Lamek, na bakwai daga Adamu ta wajen Kayinu, shi ne na farko da aka ce ya auri mata biyu. Ada ta haifi Yabal, kakan makiyaya mazauna tanti, da Yubal, kakan makaɗa da masu busa. Zilla ta haifi Tubal-kayinu, maƙerin tagulla da ƙarfe, da 'yar'uwarsa Na'ama. Ga waɗannan mata biyu ne Lamek ya yi kirarin kisan kai, yana cewa za a rama masa sau 77.

Nassin bai yaba auren ba, bai kuma zarge shi ba. Amma Tertuliyan da Jerom, daga malaman Kirista na farko, sun kafa hujja da cewa tun da auren mace fiye da ɗaya ya fara ne daga mai kisan kai a zuriyar Kayinu, to ya saɓa wa tsarin farko. Bereshit Rabba ya duba abin ta wata fuska, inda ya ce mutanen wancan zamani sukan ajiye mace ɗaya don haihuwa, ɗaya kuma don jin daɗi. Abin da aka soka a nan shi ne rashin adalci tsakanin matan, domin dokar Yahudawa ba ta hana ƙarin aure ba. An danganta hana shi a tsakanin Yahudawan Turai ga malami Gershom na birnin Mainz, wajejen shekara ta 1000.

Na'ama kuwa ita ce 'ya mace ta farko da aka ambata da suna, amma ba a faɗi komai a kanta ba. Wannan ya sa wani malami a Bereshit Rabba ya ce ita ce matar Nuhu. Idan aka bi wannan ra'ayi, jinin Kayinu ya tsallake ruwan Ɗufana ke nan ta hanyar mace, saɓanin Littafin Yubili wanda ya killace matar Nuhu a cikin danginsa.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Littafin Farawa ya taƙaita bayani ƙwarai a kan matan farko. Sunaye irin su Awan da Azura da Lebuda da Kelimat da Emzara, da labarin Lilit a matsayin matar Adamu, duk daga ruwayoyin baya suka fito, kuma darajarsu ta bambanta daga wata al'umma zuwa wata. An kuma ga cewa kowane marubuci ya cike gurbin ne da abin da ya dame shi. Marubucin Yubili ya kare auren cikin dangi, Agustin ya kare faɗaɗa zumunci, Tertuliyan da Jerom suka kare auren mace ɗaya, mai Abajadin Ben Sira kuma ya ba da asalin layar jarirai. Don haka ya wajaba ga mai nazarin waɗannan labarai ya riƙa tantance littafin da magana ta fito, da lokacin rubuta shi, kafin ya jingina ta ga addinin Yahudawa ko na Kiristoci. A babi na huɗu za a duba matan gidan Ibrahim, wato Saratu da Hajara da Ketura.